Hanyar da Muka Gyara wa Masu Neman Ramuka

Duk wanda ya bi hanyar ƙauyenmu a yau, wadda ta ratsa tsakanin Gwiwa da Roni, ba zai yarda cewa a da ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya taka ta ba. Yanzu babura na zuba gudu a kanta, ranar kasuwa mota har gindin masallaci. Yadda aka yi ta gyaru kuwa, ko na manta komai ba zan manta da shi ba, domin ƙaryata ce ta jawo.

Lokacin ban daɗe da ajiye tuƙin babbar mota ba. Na yi shekaru ina kai da komo tsakanin Agadas da Yamai da Kwatano, a can na tsinci Faransanci da Larabcin direbobi, Fillanci kuwa a gida na sha. Saboda haka da aka ce gasar tseren motoci ta ƙasashen duniya za ta biyo ta yankinmu a wannan shekarar, aka nemi tafinta, ni aka aiko wa. Na san irin tseren tun a Nijar. Motoci ake saki ɗaya bayan ɗaya cikin daji, kowace da direba da mai karanta masa hanya, a ga wanda ya fi saurin isa. Daga wannan ƙasa a koma waccan, har a fitar da gwanin shekara.

Wanda aka haɗa ni da shi wani Bafaranshe ne mai jan gemu, aikinsa zaɓen hanya. Kwana huɗu muna yawo, Kazaure, Babura, Yankwashi, duk inda na kai shi sai ya taɓe baki ya ce ta yi kyau da yawa. Sai da muka hau tamu. Mota ta faɗa rami, kansa ya bugi rufi, ta fito ta nutse a yashi, ta haye dutse tana gurnani. Mutumin nan ya sauko yana tafi, ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin hanyar da ta lalace yadda yake so irin wannan ba. Kowane rami sai da ya rubuta shi a littafi.

Muka je gaida mai gari, wanda yayan mahaifina ne, dattijon da ya tsufa yana kai kukan hanyar nan ba a saurare shi ba. Na zube na kwashi gaisuwa, na ce baƙi za su zo daga ƙasashe, kuma hanyarsa suka zaɓa.

Ya ce, "Tawa? Duk hanyoyin ƙasar nan? Me suka gani?"

To ta yaya zan dubi baffana a gaban jama'arsa in ce don babu wadda ta kai ta muni? Sai na ce, "Ranka ya daɗe, labarin karamcinku suka ji." Tsoho ya shafa gemu, Bafaranshe ya gyaɗa kai yana murmushi, kowa ya tashi da farin ciki.

Muka tafi Kano kan sauran shirye-shirye, ba mu dawo ba sai saura kwana biyar. Tun daga mararraba na ji motar ta yi shiru, ba ƙara ba jijjiga. Ashe muna juya baya mai gari ya sa aka buga gangar gayya. An gama girbi, hannu ya samu sarari. Maza da diga da shebur, amalanke na jigilar marmara, mata na dama kunu a bakin hanya. Dutsen nan ma wuta suka hura masa har ya tsage, suka kwashe. Wai ba za a ce baƙi sun zo garinsu sun karya mota ba.

Bafaranshe ya tsaya, ya buɗe littafinsa, ya dubi hanya, ya dubi littafi. Ya ce, "Ina ramukana?" Na ga Turawa sun yi fushi a wurare da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya kusa kuka don hanya ta yi kyau ba. Ya ce shi ke nan, za a ɗauke tseren a kai wani wuri.

Shi kuwa mai gari ya riga ya aika wa masu garin da ke kewaye da mu kaf cewa su zo su ga baƙinsa. Ba yadda zan yi. Na durƙusa a zaurensa, ga Bafaranshe a gefe, ga Arɗon makiyayanmu da ya zo gaisuwa, na faɗi gaskiya tun daga farko.

Tsoho ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Wato ni ina yawon kai kuka, wasu na tsallako teku su yi sha'awa? Kai kuma, ja'iri, duk harsunan da ka kwaso babu na faɗin gaskiya a ciki?"

Bafaranshe ya ce in gaya masa akwai mafita: a sake tona ramukan, kwana biyu ya isa. Wannan karon na fassara kamar yadda ya faɗa.

Mai gari ya ce, "Gaya masa mutanen da suka cike ramukan nan da hannunsu, ba ni zan sa su tona ba. In sun fasa zuwa, sai in aika wa waɗanda na gayyata cewa tsoho ya yi kuskure. Kunyar tawa ce ni kaɗai, hanyar kuwa ta jama'a ce."

Na fassara. Sai Arɗo ya taɓo ni, ya tambaye ni da Fillanci, "Da gaske wahala suke nema?" Na ce ita fa. Ya ce, "To ai ga busasshen rafin bayan gari. Ni shanuna ma na daina bi da su ta nan."

Da la'asar muka shiga rafin. Ba mu yi nisa ba mota ta kafe a yashi har ciki, sai da bijimai biyu suka jawo mu. Bafaranshe ya fito duk ƙasa a gemunsa, ya rungume Arɗo, Arɗo na ƙoƙarin ƙwacewa yana cewa in gaya wa mutumin nan ya isa haka.

Ranar tsere baƙin mai gari suka zo ta sabuwar hanya, ko rawani bai yamutse ba. Aka shimfiɗa musu tabarmi a kan gaɓa. Motoci suka riƙa fitowa daga kwana, ja, shuɗiya, rawaya, suna tsalle kamar fara. Duk wadda ta kafe sai a yi ta ihu da dariya, wadda ta wuce a yi mata guɗa. Baffa ya leƙa ƙasa ya ga wata tana haƙa yashi a banza, ya ce mini, "Allah ya ba kowa abin da yake so. Mu muna gudu, su suna nema."

Tseren bai sake biyowa ta wajenmu ba, amma gayyar ta zauna. Kowace shekara ana gama girbi sai a fita hanya, ba a jiran baƙo, ba a jiran kowa. Ashe ƙarfin gyaran yana hannunmu tun tuni, abin da muka kasa yi wa kanmu ne muka yi don kunyar baƙo. Ni kuma tun daga zauren nan ban sake yi wa magana kwalliya ba. Abin da mutum ya faɗa, shi nake isarwa, da daɗi ko ba daɗi.