Maharbin Kudai da Barewar Istiraha

Sunana Sabo, amma a tashar Kudai in ba ka ce Maharbi ba, babu wanda zai nuna maka ni. Direban bas ne ni, alhazai nake kaiwa Harami in dawo da su, a kan wannan hanyar na yi furfura. Kafin nan kuwa, a ƙauyenmu can bayan Ningi, farauta na gada. Sai Allah cikin ikonsa ya ɗauko maharbi ya dire shi a garin da ko tantabara ba a kora. Tana sauka a gaban motata, ni da na sha bin sawun gada, sai in taka burki in jira hajiya ta gama tsince-tsincenta.

Abin da ya rage mini na farauta baki ne. Labari ɗaya gare ni, kuma wallahi gaskiya ne: na taɓa kayar da barewa da harsashin ƙaramar bindiga. Wani maƙeri ne ya ƙera mini doguwar bindiga mai cin irin wannan harsashin. Na laɓe bayan suri, na bar ta ta matso har ina ganin ƙudan da ke kunnenta, na saka mata a bayan kafaɗa. Ko shurawa ba ta yi ba.

Hatim ne ba ya bari in kai ƙarshe. Ƙanin matata Maryama ne, haifaffen unguwar Nakkasa a nan garin, Hausarsa rabi Larabci, daji kuwa sai a waya yake ganinsa. Abokin wasana ne, don haka ba ya raga mini.

"Haram alaik, Yaya Sabo! Wannan ɗan mitsitsin harsashin? Sai dai ka ji mata ciwo ta gudu ta mutu can wani wuri."

"In ka harbo daga nesa irin na 'yan birni ba. Ni matsawa nake yi."

"Kai da ko kaza sai daskararriya kake sayo wa Maryama?"

Direbobi su kwashe da dariya, ni in hau kumfar baki, shayi ya huce a hannuna. Kullum haka muke, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai. Muddin ana wannan musun, ni maharbi ne.

Wata Juma'a sai ga Hatim yana washe baki. Wai wani abokinsa yana da istiraha, wato gidan gona na shaƙatawa, a waje da iyakar Harami, inda farauta ta halatta, ta hanyar Jumum. Yana kiwon bareyi a wani makeken fili, yana so a ci ɗaya don baƙi, ga shi ba sa kamuwa da hannu. Yana kuma da ƙaramar bindiga mai lasisi.

"Yalla, Maharbi. Ga barewa, ga harsashinka."

Ina da mafita, tunda tawa bindigar doguwa ce, wannan kuwa ba ta wuce tafin hannu ba. Amma ina, girman kai ya hana ni. Na ce, "Mu je, yaro."

Har Maryama ta biyo mu, ta zauna cikin mata ana leƙe ta taga. Na naɗe jallabiyata, na duba inda iska take kaɗawa, na fara sanɗa. Gwiwa tana ƙara, tumbi yana sharar ƙasa, amma jama'a, jikin bai manta ba! Na isa bayan wani tankin ruwa, barewar da na zaɓa ba ta ji ni ba. Ga ta nan tana cin ciyawa, ga bayan kafaɗar a buɗe. Na ɗaga hannu, na yi bisimilla.

Sai na ji bakina yana cewa, "Hatim, anya mun fita daga Harami kuwa?"

"Tun ɗazu! Ba ka ga alamar a hanya ba?"

Na gani mana, ni da tuƙi ne sana'ata. Amma yatsan nan ya ƙi. Shekara da shekaru ina kaffa-kaffa kada in razana ko tsuntsu, yau a ce in ɗauki ran wannan? Na tsaya da bindiga a sama kamar gunki, ina jira ta gama cin abincinta. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ga ba abin tsoro a nan, ta ci gaba da kiwonta.

Na mayar wa mai gida bindigarsa. Ma'aikatansa suka kama ta da raga, aka yanka. Ni shinkafa zalla na ci, ina jiran Hatim ya fara zuba mini tsiya. Shi kuwa namansa kawai ya yi ta ci. A mota ma Maryama cewa kawai ta yi, "Sannu, maigida, ka gaji."

Bayan kwana biyu muna zaune a Kudai, aka kawo sabon direba ɗan Maraɗi. Na gyara zama, na ɗauko masa labarina tun daga maƙerin. Da na iso wurin harsashin sai na dakata, na dubi Hatim, na ba shi fili.

Ya ƙara mini shayi, ya ce a hankali, "Sahih, Yaya Sabo. Haka aka yi. Mun yarda."

Sauran direbobin suka gyaɗa kai. Babu wanda ya yi dariya. Na ƙarasa labarin ni kaɗai, har ƙarshe, ba wanda ya katse ni. Wallahi da ya ce mini maƙaryaci, da ya fi mini sauƙi.