Mai Askin da Ya Yi wa Lemo Saisaye

A lungunmu akwai wani mai aski da ake ce wa Baba Tsaf, don duk kan da ya gama sai ya ja da baya, ya karkata wuya, ya ce, "Tsaf." Tun yana saurayi yake cikin shagon nan mai kujera ɗaya da ƙaton madubi. Benaye suka taso suka sa shi a tsakiya har rana ta daina leƙo shi, ko a jikinsa. Shi dai kada ya ga abu ya fito ya wuce 'yan'uwansa. Zare ma in ya leƙo daga wuyan rigarka, sai ya datse shi kafin ku gaisa.

Da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka raba tukwane da zannuwa. Shi abu ɗaya ya ɗauka: ɗan lemon tsamin da ta shuka a tsohon bokitin fenti. Ya kai shi shago ya ajiye a kusurwa, ƙarƙashin fanka, wai kada rana ta wahalar da shi. Kullum yana ba shi ruwa, wani lokaci har da ragowar shayi. Da ganye ya miƙo kuwa, sai ka ji ƙyas. Lemo ya sha saisaye har ya fi kan ango kyau. Sannan ya fara ɗashewa, ganyen da suka tsira daga almakashi suna zuba da kansu.

Ana haka ƙanwar marigayiyar ta zo gaishe shi, wadda ke sayar da dashe a bakin titi. Ko zama ba ta yi ba ta nufi kusurwar.

"Yaya, wa ya yi wa lemon yayata wannan aika-aika?"

"Gyara ne. Kin taɓa ganin itace mai kyan kai haka?"

"Kyan kan zai ci? Yunwa ce ke kashe shi."

"Yunwa? Shayin da nake sha shi yake sha, har da madara."

Ta riƙe haɓa. "Itace ba ya cin girkin kowa, Yaya, shi ke dafa nasa. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya shaƙi iska, hasken rana shi ne wutar. A cikin koren nan yake haɗa sukarin da yake rayuwa da shi. Kai ka kashe masa wuta, sannan ka bi tukwanen kana fasawa ɗaya bayan ɗaya. Kawo shi in tafi da shi tun da sauran numfashi."

Baba Tsaf ya dubi almakashin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ba inda za shi," in ji shi. "Rana ce? Zan kawo masa."

Mu dai muka ce za mu ga yadda ake ɗauko rana a kai. Ashe da gaske yake. Ya fito da bokitin ƙofar shago, amma haske a bakin lungu yake tsayawa, inda babura ke wucewa kamar an koro su. Sai ya nemo sukundireba, ya kwance ƙaton madubin da ya tsufa tare da shi, ya rungume shi, gwiwoyinsa na ƙara, ya jingina shi da bango a bakin lungun. Ya yi ta karkata shi har hasken ya faɗo kan lemon.

Matsalar ita ce rana ba ta zama wuri ɗaya. Da ta gusa sai Baba ya bar mutum da rabin aski, ya ɗingisa ya gyara madubi ya dawo.

"Baba, ta yaya zan ga kaina?" in ji telan da ke maƙwabtaka da shi, yana kallon bangon da aka cire madubi.

"Kan da na sani tun yana da gashi? Zauna. In na ce tsaf, tsaf ne."

Samari masu son kallon kansu suka koma wani shagon. Muka riƙa ce masa lemo ya samu madubi, saura turare. Bai kula mu ba. Ya daina ba lemon shayi, yana goge ƙurar ganyen da tsumma mai laushi, in hadari ya rufe sama ya tsaya yana hararar gajimare kamar wanda aka tare wa layi.

Ranar da ƙanwar ta dawo, lemo ya fitar da sababbin ganye, kore shar, wani ya yi gabas wani yamma, wani reshe ya miƙe shi kaɗai kamar gashin wanda ya tashi daga barci. Baba yana nuna mata, hannunsa yana zamewa cikin aljihu inda almakashi yake.

"Yaya," in ji ta.

Ya zaro shi a hankali, ya shiga shago ya jefa a aljihun tebur, ya rufe. Ya fito ya ja da baya, ya karkata wuya, ya dubi wannan kan da bai taɓa barin irinsa ya fita daga shagonsa ba.

"Tsaf," in ji shi. Ya wuce ya gyara madubi, don rana ta gusa.