Burtsatsen da Arɗo Ya Ƙi Karɓa

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tura ni yankin Kazage ba, ina ƙaramin jami'in ƙididdiga a mataki na shida. Burtsatse ɗaya aka samu, wuri biyu ke nema: wani ƙauyen manoma da wata rugar Fulani a bakin daji. Aikina in cike fom: yawan mutane, irin rufin ɗaki, nisan ruwa. Wanda ya fi talauci a takarda shi zai samu.

Ni kuwa a Kaduna na tashi, inda ake gane mai kuɗi da tsawon katangarsa. Da na ga ƙauyen duk rufin kwano, rugar kuwa bukkokin ciyawa, na yanke hukunci tun ban sauka daga babur ba. Na tambayi dattijon rugar, Arɗo Jaɓɓo, 'ya'yansa nawa. Ya ce alhamdu lillahi. Shanu fa? Ya ce akwai 'yan kaɗan. Ban san Bafulatani ba ya ƙirga wa baƙo abin da Allah ya ba shi ba, sai na rubuta yadda ya faɗa, har ina tausaya masa.

Bayan la'asar na ji kamar ƙasa tana motsi. Ashe shanu ne ke dawowa daga daji, farare fat, ƙaho iya ganin ido. Na fara ƙirga, na ɓata, na sake, na haƙura. Har aka yi magariba ba su gama wucewa ba. Wallahi ban taɓa ganin dukiya irin wannan tana tafiya da ƙafarta ba.

Arɗo ya tambaye ni abin da na rubuta. Na gaya masa cewa a takarda rugarsa ce ta ci burtsatse.

Ya ce, "Malam, goge. Kwanon da ka gani a ƙauyen manoma, hatsinsu suka sayar suka rufa. Tafkin da shanuna ke damawa, shi yaransu ke sha. In rani ya tsananta, mu sai mu tashi. Su ina za su ɗauki gida su kai?"

Da na kai rahoto da sunan ƙauyen manoma, ogana ya ce na saɓa wa ƙa'idar fom, in an yi bincike ni zan amsa. Na ce na ji, na sa hannu. A ƙauyen manoma aka haƙa.

Shi ya sa duk sabon ma'aikacin da aka ba ni, abu ɗaya nake fara gaya masa: kada ka rufe fom sai shanu sun dawo gida.