Kwalaben Yayan Matata

Shekarar da man fetur ya yi wuya, ina da rumfar mangwaro a Sabon Gari. Daga Bungudu da Kekun Waje nake saro shi, in loda wa motocin kudu. A wannan bazarar motocin duk suna layin gidan mai. Kaya suka nuna a kwanduna, ƙananan ƙudaje suka taru kansu kamar hayaƙi. Dabarar da ta rage mini ita ce in karyar wa matan gari masu sarin kwando.

Ana haka yayan matata ya zo hutu. Malami ne a jami'a, shi ya ba ni aurenta bayan rasuwar mahaifinsu. Ya shigo rumfa, ya tsaya kallon ƙudan.

"Alhaji, ashe kana da arziki."

"Yaya, in wanga ne arziki, kwashe shi duka."

Ya ce akwai tsibirai a tsakiyar teku da iska ta jefa kakannin irin ƙudan nan, suka rasa hanyar fita, har jikokinsu suka zama iri dabam. Ana duba ƙwayoyin halittarsu a gane wa ya fito daga wa, kuma abokin aikinsa na ƙasar waje yana son namu don ya gwada. Ya rataya kwalabe a bakin rumfa, kowace da ruɓaɓɓiyar ayaba ciki don kama ƙudan, ya ce kar a taɓa sai ya dawo daga Tsafe.

Da safe maƙwabcina mai lemo ya leƙo.

"Alhaji, wane malami ya haɗa maka wannan? Kasuwar tamu za ka janye?"

Na ce binciken boko ne.

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji shi, ya matsar da teburinsa.

Kafin azahar magana ta zaga. Matan suka riƙa wucewa ta ɗaya layin. Babu wadda za ta kai wa 'ya'yanta mangwaron da ya kwana ƙarƙashin asiri.

Sauke kwalaben ba wani aiki ba ne. Na sha miƙa hannu, sai in janye. Suruki ne, ya ce kar a taɓa. Na gaya wa matata, ta ce, "Ni zan aika wa Yaya wannan magana?" Shi kuma rashin mota ya riƙe shi a Tsafe. Haka na zauna ina korar ƙuda, wari na ƙaruwa.

Ranar da ya dawo, ana loda ruɓaɓɓen kayana a amalanke. Ya ɗaga kwalba ɗaya a rana, ya ga ta cika da ƙuda, ya ji daɗi ƙwarai.

"Ya kasuwa, Alhaji?"

"Alhamdu lillahi, Yaya."

Na nemo tsumma na naɗe masa kwalaben, don kar su fashe a hanya.