Manhajar da Aka Zaɓa a Zaman Makoki

A lokacin ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta masu kiwo da sayar da nono a Kankia da Kusada, kuma rabin aikina ɗaukar waya ne. Saniya ta ƙi ci, ko tunkiya ta kumbura, sai a yi mani filashin daga Mawashi ko Dudunni. In kira, in ji abin da ya faru, in tada likitan dabbobin da ƙungiya ta ɗauka, ya hau babur ɗin ofis ya tafi. Haka muke lallaɓawa, da daɗi ba daɗi, har masu tallafa mana daga birni suka ce wai tsarin ya tsufa. Sai dai a samo manhajar waya, duk kiran likita ya bi ta ciki, su ma su riƙa gani daga inda suke. Zaɓen kamfanin da zai haɗa ta kuma suka bar mana.

Wadda ta fara faɗo mani a rai ita ce wata tsohuwa Bafulatana da ke bayan Mawashi, kowa Goggo yake ce mata. Ɓarayi sun kore garken gidansu, saniya ɗaya tak ta rage mata. Da nonon saniyar nan take ci, da shi take riƙe da jikokinta marayu, ga saniyar kuma da ciki. Wayar Goggo irin ƙaramar nan ce mai tocila, wadda samari ke kira raka-ni-kashi, an ɗaure bayanta da roba. Na ce a raina, duk manhajar da ba ta san da wannan wayar ba, ba tamu ba ce.

Kamfani biyu suka zo. Na farko wasu matasa ne daga Katsina. Ko zama ba su yi ba suka ce a kai su ruga. Na raka su, na ga suna ɗaga waya sama suna neman sabis, suna tambayar mata wace waya suke riƙewa. Suka ce tasu kira kawai za a yi da kowace irin waya, a faɗi matsala da baki, da Hausa ko da Fulatanci. Na biyu wani babban mutum ne daga Abuja, mai ƙamshin turare. A ɗakin taro na Kankia ya haska mana tasa a bango. Tubarkalla, kyau kam akwai shi, amma kyan ɗan maciji. Sai ka ɗauki hoton dabbar, ka rubuta ciwonta, ka tura daga inda take tsaye. Na tambaye shi wanda bai iya rubutu ba fa? Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ai duniya ta ci gaba."

Kafin mu zauna yanke shawara, Allah ya yi wa mahaifiyar shugaban ƙungiya rasuwa. Matasan Katsina suka bugo waya suka yi mashi gaisuwa. Mutumin Abuja kuwa da kansa ya taso, da buhunan shinkafa a bayan mota, ya tuɓe takalmi ya zauna kan tabarma har aka yi sadakar uku. Ranar bakwai ma sai ga shi.

To, ranar taro shugaba bai ɓoye ba. Ya ce, "Jama'a, mutumin da ya zauna da ni a kan tabarmar makoki, da wane ido zan dube shi in ce mashi a'a?"

Kowa ya sunkuyar da kai, ana kara. Ni dai zuciyata ta ƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Amma shanun mutane ba su ci shinkafar nan ba."

Wayyo, kamar na zagi uban wani! Wani dattijo ya ce, "Haba Malama, ki ji tsoron Allah, ko arba'in ba a yi ba." Ba a ɗaga hannu ba, ba a ƙirga kowa ba. Dattijon nan ya ce Allah ya sa albarka, aka shafa fatiha, aiki ya zama na mutumin Abuja. A wurinmu kuwa in an shafa fatiha magana ta mutu, wanda ya tada ita shi ne marar kunya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski, amma kan talakawa aka aske.

Aka kafa doka: babur ba ya fita sai kira ya bayyana a manhaja, makulli kuma yana aljihun shugaba.

Wata safiya da damina Goggo ta yi mani filashin. Da na kira, ta ce, "Ɗiyata, saniyar tana naƙuda tun asuba, ɗan ya gicciye. Turo mani likita don Allah."

Na kira likita, ya ce a shirye yake, makulli ne babu. Na kira shugaba, yana Katsina wurin taro da masu tallafin. Ya ce, "Malama, ga ni gabansu. Ki sa a manhaja mana." Na buɗe a wayata, ta ce sai hoto daga wurin da dabbar take. Goggo ta bar saniya kwance ta bi gida gida har ta sami mai babbar waya. Ya ɗauki hoton, ya hau tudu yana neman sabis, abin yana ta juyawa, ya ƙi tafiya. Da na ga rana na yi, na tare ɗan acaɓa na ɗora likita. Hanya duk taɓo. Ihu bayan hari muka yi. Kafin ya isa, maƙwabta sun sa wa saniyar wuƙa don kada ta yi mushe, ɗan kuma ya riga ya mutu a ciki.

Shugaba ya ce kwananta ne ya ƙare, Allah ya mayar da alheri. Mutumin Abuja ya ce matsalar ita ce ba a wayar wa mutane da kai ba. Kan wa za a wayar? Tsohuwar ta san ciwon saniyarta, ta san wanda za ta kira, ta kuma kira da wuri.

Bayan girbi na hange ta a kasuwar Kankia, tsugune gaban mai awon madarar gari, irin wadda ake damawa a kwana da ita a sayar a matsayin nono. Matar da tun tana yarinya take tatsa da hannunta. Tana ganina ta ja gefen mayafinta ta rufe ledar.

Na durƙusa na ce, "Goggo, ina wuni? Ya yaran?"

Ta ce, "Lafiya lau, ɗiyata." Idonta na ƙasa ta ƙara da cewa, "In kin ga masu sayen nonona, kada ki faɗa masu kin gan ni nan."