Shekarar da Siton Yamin Ya Shiga Gado

Yamin Tobali mijin yayata ne, kuma shekara talatin muna zama a benci ɗaya a majami'ar unguwarmu ta Yahudawa a Sefru. Da jaki ɗaya ya fara, yana kai gishiri ƙauyukan kan dutse. Daga baya ya mallaki babban sito a bakin kogi, cike da fulawa da taliya da biskit. Ya yi shekara goma sha ɗaya a majalisar gari. Famfon ƙofar kasuwa shi ya yi ta naci har aka kafa, kodayake sunan wani ne a jiki. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma bari in bar ta.

In Idin Ƙetarewa ya zo, ba a yarda Bayahude ya mallaki abin hatsin da ka iya kumbura ba, har kwana takwas. Mai guntun burodi sai ya ƙone shi. Mai sito kuwa sai ya sayar. Yamin yakan sayar wa abokinsa Musulmi, Si Allal mai ɗinkin sirdi, a gaban malaminmu da shaidu, ya miƙa mabuɗi, bayan idi ya sake sayen abinsa. Ciniki ne na gaske. In da wasa a ciki, bai karɓu ba.

"Bana fa ba na mayarwa," in ji Si Allal duk shekara. "Na gaji da warin fata."

"Riƙe abinka," Yamin zai ce. "Har ɓerayen na haɗa maka."

A shekarar da nake magana, rana ta uku ga idi, Si Allal ya kishingiɗa bayan azahar, bai tashi ba.

Muka raka shi har bakin maƙabarta. A hanyar dawowa kowa ya san siton ya shiga gado. Magadan su ne matarsa Lalla Rakiya, da 'ya'ya mata biyu, da ɗa guda, Idris, wanda ya daɗe a Kazablanka, ana kuma cewa idonsa ya buɗe a can.

Yayata Fireha ta ce wa mijinta, "Ka je ka yi musu magana mana! Ko sai sun rubuta sunansu a ƙofa?"

"In ce musu me? Wasa muke yi? Ashe ke nan shekara ashirin ina idi da haram a hannuna."

"To zauna, sarkin gaskiya. Ma ci gaskiyar da miya."

Ya kuwa zauna. Kwana biyar yana zuwa addu'a, yana gaisawa da jama'a kamar kullum. Ni da ke gefensa na lura littafinsa bai cika juya shafi ba.

Washegarin ƙarewar idi da hantsi Idris ya zo da kansa, ya ce mahaifiyarsa na kiran Yamin. Na raka shi. Tana takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana.

"Tajir Yamin, an ce ina da sito."

"Kina da shi, Lalla."

"Wani ɗan kasuwa daga Fas ya yi wa Idris tayi mai tsoka." Ta ƙara da cewa, "Na ce masa ubansa bai taɓa cin ajiyar mutum ba."

"Ba ajiya ba ce, Lalla," Yamin ya ce a hankali. "Saye ya yi."

Na taka masa ƙafa. Bai kula ni ba.

Can sai muka ji dariya daga bayan labule, mai yiwuwa ta farko a gidan tun rasuwar.

"Marigayi ya sha faɗa mini kanka ya fi dutsen niƙa tauri. To tunda saye ne, mun sayar, ni da yaran, a kan yadda kuka saba. Amma da sharaɗi. Baɗi ni za ka sayar wa. Ni ma in ɗanɗana arziki, ko na kwana takwas ne."

Idris ya ciro mabuɗin daga aljihu. Ba da fara'a sosai ba, amma dai ya miƙa.

Da muka fito, Yamin ya zauna a dakalin ƙofar gidan, ya daɗe bai motsa ba. Ya ce wai takalminsa ne ke matsa masa. Na zauna tare da shi har takalmin ya sake shi.

Shekara tara ya ƙara a duniya, duk yana sayar wa Lalla Rakiya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa mayar masa da mabuɗin ba sai ta sa ya jira har la'asar.