Ƙyauren Bariki

Shekarar da tafki ya cinye mana ɗaki, kumandan ya sa tsofaffin kayan bariki a gwanjo, wai da kuɗin za a gina wa irinmu ɗakuna. Maigidana ya tafi kallo. Shi kuwa ba ya ganin babba bai yi jinjina ba. Kumandan na waiwayowa ya ɗaga hannu, tafinta ya ce ya saya. Ashe ƙyauren ƙarfe ake ciniki a lokacin.

Na ce, "Malam, koma ka ce gaisuwa ce."

Ya ce, "In ƙaryata tafinta gaban Bature?"

Akuyata aka sayar aka biya, ɗakunan kuma ba su iso kanmu ba. Daminar nan ni da yara muka fake ƙarƙashin ƙyaure. Shi kuwa Malam na bar shi waje, ya yi wa ruwa jinjina.